Muhawara: Idan Manhaja Ta Nuna Abu a Allo, An Kafa Hujja Ke Nan?

Malamin SS2, Zariya

Assalamu alaikum iyayena da abokan aiki. Na zo da wata magana da ta tsaya mini a rai tun ranar Talata, kuma ina neman shawarar waɗanda suka riga ni riƙe alli. A wannan zangon muna kan ƙa'idojin da'ira ne da 'yan aji biyu na babbar sakandare. Maimakon in zana a allo kamar yadda na saba, sai na ari majigin makaranta, na buɗe GeoGebra, manhajar zana siffofin joometiri, a kwamfutata, na zana da'ira mai cibiya O, na sa ɗigo A da B da P a kan gewayenta, na haɗa layukan, sannan na sa manhajar ta auna kusurwar da ke cibiya da kuma wadda ke wajen P. Ta cibiya ta nuna digiri 80, ta P ta nuna 40. Na kama P na yi ta ja da shi a kan baka, 40 ba ta motsa ba. Da na ja A sai suka koma 110 da 55, na ƙara ja suka koma 136 da 68. Ajin ya yi tsit, irin shirun da ban taɓa samu ba a darasin da'ira.

Da na juya ga allo domin in rubuta hujjar, sai wani yaro daga cikin masu ƙoƙarin ajin ya ɗaga hannu ya ce, tunda sun gani da idonsu a wurare fiye da hamsin, kuma gani ya kori ji, mene ne amfanin wannan dogon rubutu? Na ba shi amsar da ni kaina ban gamsu da ita ba, wato cewa a WAEC da NECO ana ba da maki a kan dalilan da ɗalibi ya rubuta. Ya yi shiru don ladabi, amma na ga alamar bai karɓa ba. Tambayata ita ce, shin manhajar nan taimakona ta yi, ko kuwa kashe mini darasi ta yi?

Baba Mai Ritaya, Katsina

Wa alaikumus salam ɗana. Kashe maka darasi ta yi, kuma abin da nake tsoro ke nan tun ranar da jikana ya nuna mini irin wannan abu a wayarsa. Na yi shekara 35 ina koyar da joometiri da kamfas na katako da doguwar rula, kuma zanena a allo bai taɓa fita daidai ba, da'irata kullum sai ta ɗan yi kama da ƙwai. Wannan rashin kyawun zane shi ne ya riƙa yi mini aiki, domin yaro ya san ba zai dogara da abin da ke allo ba, dole ya nemi dalili. Kai kuwa ka kawo masa zanen da ba shi da aibi, mai auna kansa da kansa, sannan kana mamakin ya ƙi neman dalili. Wanda ya ƙoshi ba ya neman hanyar kasuwa.

Littafin joometirin da Yuklid, masanin lissafi Bagirke, ya tattara a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda aka fassara zuwa Larabci a Bagadaza tun zamanin Haruna Rashid, ba don kyawun zane ya rayu har yau ba. Ya rayu ne don kowace magana a cikinsa tana tsaye a kan wadda ta gabace ta. Da'irori ba su da iyaka, wuraren da P zai iya tsayawa ba su da iyaka, to hamsin ɗin da yaronka ya gani, kashi nawa ne cikin abin da ba ya ƙirguwa?

Malama, Kano

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ina neman afuwa, amma zan ɗan saɓa, domin zanen hannu da Baba ya yaba shi ma yana da nasa ha'incin, kuma ya fi na manhaja muni. Akwai tsohuwar hujjar bogi da ke nuna wai kowace alwatika tana da gefe biyu masu tsawo ɗaya. Ana ɗaukar alwatika ABC, a ja layin da ya raba kusurwar A gida biyu daidai, a kuma ja layin da ya tsaya a tsaye a tsakiyar BC, a ce sun haɗu a wani ɗigo a cikin alwatikar. Daga wannan ɗigo sai a sauke layuka a tsaye zuwa AB da AC, a nuna wasu ƙananan alwatikoki sun yi daidai da juna, a haɗa tsawo da tsawo, sai ga shi AB ta yi daidai da AC. Kowane mataki na rubutun yana da dalilinsa, babu inda za ka nuna da yatsa ka ce ga ƙarya.

Na taɓa ba 'yan matan ajina wannan a allo, suka shafe darasi guda ba su gano matsalar ba. Da muka gina siffar a GeoGebra, cikin minti biyu magana ta fito fili: layukan biyu ba sa haɗuwa a cikin alwatikar ko kaɗan, a waje suke haɗuwa, a kan da'irar da ta ratsa kusurwoyin uku. Sannan daga cikin layukan biyu da aka sauke, ɗaya yana faɗa wa a kan gefen alwatikar, ɗaya kuwa sai an tsawaita gefen kafin ya same shi, don haka inda rubutun ya ce a haɗa a ɓangarorin biyu, a gaskiya ɓangare ɗaya haɗawa ake yi, ɗaya kuma ragewa. Alli ne ya yarda aka sa ɗigon a inda ba zai taɓa zama ba. Manhaja ba ta yarda da hakan.

Shi kansa Yuklid ɗin, Baba ya fi ni sani, a maganarsa ta farko ma ya dogara da ido, inda ya zana da'irori biyu ya ɗauka cewa sun haɗu alhali babu wata ƙa'ida cikin waɗanda ya shimfiɗa da ta tabbatar da haɗuwar. Irin waɗannan giɓi ne Hilbert, masanin lissafi na Jamus, ya zauna ya cike a 1899.

Malamin Kwaleji, Maraɗi

Gaisuwa ga Baba da sauran malamai. Mu a nan ɓangaren da Cabri muka fara sanin wannan harka, wadda aka ƙirƙira a Grenoble ta Faransa a shekarun 1980 ƙarƙashin jagorancin Jean-Marie Laborde, kuma sunan nata ma an ciro shi ne daga kalmomin Faransanci masu nufin littafin gwaje-gwajen ɗalibi, wanda ake zane a goge. A Amurka kuma Geometer's Sketchpad ta Nicholas Jackiw ta fito a 1991. GeoGebra ƙanwarsu ce, Markus Hohenwarter ya fara ta a 2001 a matsayin aikin digirinsa na biyu a Jami'ar Salzburg ta Ostiriya, kuma ta mamaye wurin ne saboda kyauta take ga malami da ɗalibi, tana kuma aiki a waya.

Na kawo wannan tarihi ne domin masu binciken koyarwa na Grenoble sun daɗe da bambanta abu biyu da nake ganin su ne zuciyar muhawarar nan, wato zane da siffa. Zane shi ne abin da ido ke gani a allo. Siffa kuwa ita ce dangantakar da aka gina abin a kanta. Idan na ce wa yaro ya yi mini murabba'i, ya sa ɗigo huɗu ya daidaita su da ido har suka yi kyau, ya yi zane. Da zarar na kama kusurwa ɗaya na ja, sai ya wargaje ya koma wani abu dabam. Idan kuwa ya fara da layi ɗaya, ya ta da layi a tsaye a ƙarshensa, ya ɗauko tsawon da da'ira, to duk yadda na ja zai girma ko ya ƙanƙance ko ya juya, amma yana nan murabba'i. A takarda ba ni da hanyar bambanta yaran nan biyu, domin ayyukansu kama ɗaya suke. A manhaja ja ɗaya ya isa.

Saboda haka, Malam na Zariya, a ganina kuskuren ba na manhaja ba ne. Kai ka gina siffar, kai ka ja, yara suka zama 'yan kallo. Da su suka gina ta, da sun riga sun yi rabin tunanin da hujja ke buƙata.

Baba Mai Ritaya, Katsina

'Yata ta Kano, na karɓi misalinki, kuma na san wannan hujjar bogi, mun sha ruɗa ɗalibai da ita a kwalejin horon malamai. Amma lura da abin da manhajar ta yi a can: ƙarya ta kashe. Misali ɗaya tak ya isa ya kashe ƙarya, wannan ba ni da ja a kansa. Tabbatar da gaskiya shi ne abin da misali dubu bai isa ya yi ba.

Bari in ba ku gwaji, tunda ku ne masu na'ura. Akwai tsohuwar dabarar masu sana'a ta raba da'ira gida bakwai. A zana alwatika mai gefuna uku daidai a cikin da'irar, a ɗauki rabin gefenta ɗaya da kamfas, a riƙa taka shi a kan gewayen sau bakwai. Ku gina wannan, ku gina mai gefe bakwai na gaskiya a cikin da'ira mai radiyos 1, ku auna gefen kowanne, ku gaya mini abin da allonku ya ce.

Ɗalibin Digiri na Biyu, Sakkwato

Ranka ya daɗe Baba, na gwada, kuma tarkon ya kama. Dukansu biyu sun nuna 0.87, domin manhajar a yadda take zuwa gurbi biyu take nunawa bayan ɗigon desimal. Da na ƙara gurabun zuwa huɗu sai ɗaya ya zama 0.8660, ɗaya kuma 0.8678. Idan aka taka gajeren sau bakwai ana samun kusan digiri 359.2 ne, wato saura kusan kashi huɗu cikin biyar na digiri ɗaya da'irar ta rufe. Kuma duk yadda na ja da'irar na girmama ta ko na rage ta, siffofin biyu suna tafiya tare kamar abu ɗaya, don haka jarrabawar ja da Malam na Maraɗi ya ambata ba ta tona asirin wannan ba. Dalilin da ya sa ba za a taɓa samun daidai ba shi ne abin da masanin lissafi Wantzel na Faransa ya tabbatar a 1837, bayan aikin Gauss na Jamus, cewa ba a iya gina mai gefe bakwai daidai da rula da kamfas kaɗai, kuma babu yawan ja da zai nuna wa mutum wannan.

Amma ina so in ɗan kare yaron Zariya, domin maganarsa ba ta wofi ba ce kamar yadda muke ɗauka. Idan aka ba ɗigogin siffa lambobin matsayi, yawancin maganganun joometiri suna komawa tambaya ɗaya a aljabara: shin wannan folinomiyal, wato jerin lissafi na haruffa da lambobi irin x² + 3x + 2, sifili ne a ko'ina? Mun kuma san cewa folinomiyal mai harafi ɗaya mai daraja biyar, alal misali, ba zai zama sifili a wurare fiye da biyar ba, sai fa idan shi kansa sifili ne gaba ɗaya. To idan an gwada shi a wuri shida da lissafi na daidai, ba na kusa-kusa ba, aka samu sifili, magana ta ƙare, misalai sun zama hujja. A kan tunani makamancin wannan ne manhajar Cinderella, ta Jürgen Richter-Gebert da Ulrich Kortenkamp, take girgiza siffa a ɓoye zuwa wurare barkatai domin ta duba ko layuka uku da suka haɗu a ɗigo ɗaya haɗuwar dole ce ko ta dace ce. Sai dai wanda zai dogara da wannan dole ya fara kafa hujjar cewa misalai nawa ne suka isa, kuma wannan hujjar ta fi ta kusurwar cibiya wahala nesa ba kusa ba. Yaron bai tsere wa hujja ba, ya tura ta wani wuri ne kawai.

Akwai kuma abin da malamai da yawa ba su sani ba. GeoGebra tana da umarni mai suna Prove, wanda ba aunawa yake yi ba, yana mayar da siffar aljabara ne ya warware ta da alamomi. Wannan fanni ya samo asali daga ayyuka irin na Bruno Buchberger na 1965 da na Wu Wenjun na ƙasar Sin a ƙarshen shekarun 1970. Amsar da yake bayarwa tabbatacciya ce ta fuskar lissafi, amma kalma ɗaya ce, gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne, wani lokaci tare da sharaɗi irin na cewa kada ɗigogi biyu su hau kan juna.

Malama, Kano

Ƙanena na Sakkwato, ka kawo mu inda nake so mu zo. A ce na'ura ta tabbatar, tabbaci na gaske wanda ko Baba ba zai musa ba. Shin yaron ya san abin da ya sa kusurwar ta zama ninki biyu, ba ninki uku ba? Bai sani ba. Michael de Villiers, wani masanin koyar da lissafi na Afirka ta Kudu wanda ya daɗe yana aiki da Sketchpad, ya yi ta nanata cewa kawar da shakka ɗaya ne kawai daga cikin ayyukan hujja, kuma a aji ba shi ne mafi muhimmanci ba, bayyana dalili ya fi shi. Idan muka ce wa yaro zo mu tabbatar ko gaskiya ne bayan ya riga ya gamsu, ya ga muna ɓata masa lokaci, kuma yana da gaskiya. Idan muka ce masa mun yarda gaskiya ne, amma me ya sa, to mun ba shi tambayar da allon bai amsa ba.

Misalin da na fi so shi ne ƙa'idar Varignon, wani masanin lissafi na Faransa. Kowace ɗaliba ta zana siffa mai gefe huɗu yadda ta ga dama, karkatacciya ko miƙaƙƙiya, ta nemo tsakiyar kowane gefe, ta haɗa tsakiyoyin huɗu. Abin da ke fitowa kullum faralelogiram ne, wato gefunan da ke fuskantar juna suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa. Suna ja suna murɗawa, har su tura kusurwa ɗaya ciki, yana nan. A nan ne mamaki ke kama su, domin siffar waje ba ta da wani tsari, ta ciki kuwa ta ƙi rabuwa da tsarinta. Sai in bar su da mamakin na ɗan lokaci, sannan in ce su ja layi ɗaya daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta. Nan take siffar ta rabu alwatika biyu, kuma a kowace alwatika layin da ya haɗa tsakiyar gefe biyu yana tafiya daidai da gefe na uku, tsawonsa kuma rabinsa ne. Gefuna biyu na ciki duk suna bin wannan layi guda, shi ya sa suke bin juna.

Ribar ba ta tsaya nan ba. Wadda ta fahimci cewa layukan da suka ratsa su ne ke mulkin siffar ciki, za ta iya faɗa tun kafin ta taɓa kwamfuta cewa idan layukan biyu suka yi tsawo ɗaya, gefunan ciki huɗu za su yi daidai, idan kuma suka gitta juna a digiri 90, kusurwoyin ciki za su zama 90. Wadda ta ja kawai ta gani ba za ta iya wannan hasashe ba.

Injiniyan Gini, Kaduna

Ni ba malami ba ne, amma ku ba ni dama in sa baki kaɗan. Maginin da ke fitar da kusurwar ɗaki da igiya da turaku, yana auna uku da huɗu da biyar domin ya samu digiri 90, bai taɓa ganin hujjar Fitagoras ba, kuma ɗakinsa yana fita daidai. Na yi aiki da irinsu da dama. Inda bambanci ke bayyana shi ne ranar da fili ya ƙi, wuri ya matse babu inda za a ja huɗun, sai ka ga ya tsaya, alhali wanda ya san dalili zai koma biyar da sha biyu da sha uku, ko ya auna layukan da suka ratsa ɗakin ya ga ko sun yi daidai. Abul Wafa al-Buzjani, wanda ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 10, ya ba da labarin zama tsakanin masu sana'a da masana joometiri a kan yadda za a haɗa murabba'i uku su zama ɗaya, inda hanyar yanka da jerawa ta masu sana'ar ta yi kyau a ido amma ba daidai take ba. Muhawarar taku ta girmi kwamfuta da shekara dubu.

Malamin Kwaleji, Maraɗi

Injiniya ya taɓo wani ɓangare da ba mu yi magana a kansa ba, wato hujjojin yanka da jerawa, waɗanda manhajojin nan suka fi ƙwarewa wajen nunawa. Sabit ibn Ƙurra, masanin lissafi na Bagadaza, yana da irin wannan hujja ta ƙa'idar Fitagoras, inda ake yanka ƙananan murabba'ai biyu a juya guntayen su cike babban. A takarda sai an yi ta nuni da kibiyoyi, a manhaja kuwa ana sa maɓallin zamiya, yaro ya ja, guntayen su taso su juya su zauna a sabon wurinsu a gabansa. Ban san wata hanya da ta fi wannan saurin shigar da ƙa'idar a zuciyar ɗan aji uku ba.

Amma duk ranar da na nuna wannan, a darasi na gaba ina nuna musu wasan murabba'in da ya ɓata. Guntaye huɗu ne da ake jerawa su yi kamar alwatika mai gindi 13 da tsayi 5, a sake jera su su ba da kamar alwatikar nan dai, amma da ramin murabba'i ɗaya a ciki. Motsin yana da santsi kamar na Sabit, ido kuma yana karɓarsa haka. Sirrin shi ne ƙananan alwatikokin biyu ba gangare ɗaya gare su ba: ɗaya tana hawa 3 a cikin 8, ɗaya 2 a cikin 5, wato 0.375 da 0.4, don haka dogon gefen ba miƙaƙƙen layi ba ne, a jeri na farko ya ɗan lotsa ciki, a na biyu ya ɗan kumbura waje. Guntayen 32 ne jimillar faɗinsu, alhali alwatika ta gaskiya mai wannan awo 32.5 ce. Bayan sun ga wannan, idan na koma kan na Sabit na tambaye su wa ya ce guntayen sun zauna daidai babu rata, sai su fara neman kusurwoyin da suka haɗu suka ba da 90 da 180 da kansu.

Baba Mai Ritaya, Katsina

To yanzu kun fara magana irin wadda kunnena ke so. Idan haka kuke amfani da ita, ku ruɗa yaro da gangan har ya daina amincewa da idonsa, sannan ku ba shi abin da ya fi ido, ba ni da faɗa da ku. Faɗana da malamin da zai kunna majigi ya ja ɗigo ya ce kun gani ko, ya wuce babi na gaba. Kuma kada mu yaudari kanmu, irin wannan malamin zai fi yawa, domin manhaja ta sauƙaƙa masa ragwanci.

Ɗana na Zariya, ga abin da zan ƙara maka. Ka sa su zana da'ira, su sa ɗigo biyu a gewaye su haɗa, yanki 2. Ɗigo uku a haɗa kowanne da kowanne, yanki 4. Huɗu, 8. Biyar, 16. Ka tambaye su shida, duk za su rantse 32 ne. Su ƙirga. Ba za su wuce 31 ba, idan ma sun jera ɗigogin da tazara ɗaya 30 za su samu, domin tsirkiyoyi uku za su haɗu a cibiya. Wannan ko takardar burodi ta isa a yi shi.

Ɗalibin Digiri na Biyu, Sakkwato

Ƙarin bayani kaɗan a kan layin da Malama ta ce a ja a siffar Varignon. Irin wannan layi na taimako, wanda ba ya cikin tambaya amma sai da shi hujja ke buɗewa, shi ne abin da ya daɗe yana gagarar na'ura. AlphaGeometry, manhajar warware tambayoyin joometiri da kamfanin Google DeepMind ya sanar a Janairun 2024, wadda ta warware 25 daga cikin tambayoyi 30 na gasar lissafi ta duniya da aka gwada ta da su, an gina ta ne da ɓangare biyu: ɗaya yana bin ƙa'idoji mataki-mataki, idan ya cije sai ɗayan ya ba da shawarar sabon ɗigo ko layin da za a ƙara. A ƙa'idar Malam na Zariya, wannan layi shi ne wanda ya tashi daga P ya ratsa cibiya. GeoGebra za ta ja maka shi idan ka ce ta ja, amma ba za ta ce maka ga inda za ka ja ba.

Malamin SS2, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa Baba nisan kwana. Na jinkirta amsa ne domin in koma aji tukuna, kuma ga yadda aka yi.

Ranar Litinin babu wuta, saboda haka na fara da gwajin Baba na yankunan da'ira a takarda. Yaron nan shi ne ya fara cewa 32, ya ƙirga sau uku yana samun 31, har ya zargi fensirinsa. Ranar Laraba na raba su rukuni takwas, na karɓo wayoyi huɗu daga abokan aiki waɗanda na riga na saukar musu da manhajar tun a gida domin ba ta buƙatar data bayan an sauke ta, rukunai suna karɓa-karɓa, kuma a wannan karon su suka gina siffar. Rukuni biyu sun sa P kusa da gewaye da ido ba a kansa ba, da aka ja sai ya fice daga da'irar lambobin suka rikice, suka sake daga farko. Sannan na ce na yarda ninki biyu ne, ina son wanda zai gaya mini dalilin da ya hana ta zama ninki uku. Bayan kusan minti goma ba wanda ya motsa, sai na ce su haɗa P da O su duba tsawon OA da OP da OB. Wata yarinya ce ta fara cewa ai alwatika biyu ne masu gefe biyu daidai, daga nan kusurwar waje ta kowace ta zama ninkin ta gindi, aka haɗa biyun.

Abin da ban shirya masa ba shi ne wanda ya biyo baya. Yaron ya ci gaba da jan P har cibiya ta fita daga tsakanin PA da PB, ya ce Malam, a nan hujjar taka ba ta aiki, domin alwatikokin sun hau kan juna. Gaskiya ya faɗa, a wannan yanayi ragewa ake yi maimakon haɗawa, kuma shekara shida ina koyar da wannan babi da zane ɗaya tak a allo ban taɓa kawo yanayi na biyu ba. Muka rubuta shi tare. Sai ya ƙara ja har P ya tsallaka A ya shiga ƙaramin baka, lambar ta yi tsalle daga 40 zuwa 140 alhali ta cibiya tana nan 80, ya juyo yana kallona. An buga ƙararrawa a daidai lokacin, na ce ya zo mini da bayanin inda 280 take ɓoye a siffar ranar Juma'a.

Baba Mai Ritaya, Katsina

Kada ka gaya masa, ko da ya zo Juma'ar bai samo ba, ka ƙara masa mako guda. Sannan ka turo mini siffar taka ta lambar jikana, ya ce zai sa mini manhajar a waya idan ya dawo daga makaranta, ina so in ja ɗigon nan da hannuna in ga tsallen.